Malam a Cikin Akwati: Tarihin Telebijin ɗin Makaranta a Nijar

Tun daga shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, da wuya a shirya taron horar da malamai ba ka ji an ce wani ɓangarensa "ta bidiyo" za a yi ba. Mai horarwa yana zaune a Yamai ko Dakar ko Paris, malamai suna Maraɗi da Tawa da Damagaram, kowa ya ƙura wa wayarsa ido. Masu shirya irin wannan taro kan yi maganarsa kamar yau aka fara haɗa malami da na'ura. Ni kuwa duk sa'ad da na karanta sanarwarsu a iska, sai tarihin ƙasarmu ya faɗo mini, domin Nijar tana cikin ƙasashen farko a duniya da suka ɗora karatun firamare kacokan a kan akwatin telebijin. An fara a 1964, shekara huɗu kacal bayan samun mulkin kai, a lokacin da mafi yawan mutanen ƙasar ba su taɓa ganin akwatin da idonsu ba.

Lokacin da Faransawa suka miƙa mulki a 1960, yaran da ke zuwa lakol ba su kai biyar cikin ɗari na waɗanda shekarunsu suka isa ba. Rashin malamai shi ne babban ƙulli. A zamanin mulkin mallaka, makarantar horar da malamai mafi daraja ita ce William Ponty ta Senegal, kuma ƴan Nijar da suka samu damar shigarta ƙalilan ne. Daga cikinsu akwai Bubu Hama da Diori Hamani. Da ƴanci ya zo, waɗannan tsirarun malamai su ne suka zama ministoci da ƴan majalisa da jakadu, wato aji ya rasa mutanensa mafi ƙwarewa daidai lokacin da ake son a ninka azuzuwa. Shi kansa Diori, shugaban ƙasa na farko, mushe ne kafin ya shiga siyasa. (Ƴan'uwanmu na Najeriya su yi haƙuri: a nan malamin boko muke kira mushe, daga kalmar Faransanci, ba mushen da suka sani ba.) Ya san sarai cewa kafin makarantun horar da malamai su cike giɓin, yaran da aka haifa ranar ƴanci sun yi jikoki.

Kafin telebijin, rediyo aka fara gwadawa, kuma a nan sana'ata take da abin alfahari. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo. A gari ko ƙauye ana samun mai jagora, sau da yawa malamin makaranta ne ko ma'aikacin lafiya, ya tara mutane da dare a saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya ko haraji. In an gama sai a yi muhawara, shi kuma ya ɗauki muryoyin mutane a faifai ya aika Yamai, a tsinci abin da suka faɗa a saka cikin shiri na gaba. Manomi ya ji muryarsa a rediyon gwamnati, jami'in gwamnati ya ji ƙorafin manomi. Ina so mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin abin da masu kulob ɗin suka gane tun wancan lokaci, cewa magana ba ta cika sai ta je ta dawo, shi ne ma'aunin da nake auna duk abin da ya biyo baya.

Shirin telebijin ɗin makaranta, wanda aka fi sani da Tele-Nijar, kuɗin Faransa ne ya ɗauke shi, kuma ƙwararrun Faransa ne suka riƙe ragamarsa, a ƙarƙashin wani mai suna Max Egly. An fara da aji biyu a Yamai, dab da ɗakin shirye-shirye, ana aika musu hoto ta waya. Daga 1966 aka fara watsawa ta iska zuwa wasu azuzuwa ashirin a ƙauyukan da ke kewaye da birnin. Jimilla aji 22, yara kimanin 800. A kowace rana ana nuna darasi huɗu, kowane ɗaya bai cika minti goma sha biyar ba. Ba malami ne tsaye gaban allo ake ɗauka a nuna ba. Ana shirya gajerun wasanni da zane-zane da hotuna, da ƴan wasa masu magana da Faransanci a kan abubuwan da yaro ya sani: kasuwa, rijiya, jaki, gona.

Babbar kasadar da aka yi ita ce ta mutumin da aka tsayar a cikin ajin. Ba cikakken malami ba ne. Matasa aka ɗebo waɗanda iliminsu bai wuce sartifikar firamare ba, aka yi musu horo na ƴan watanni, aka kira su monita. Aikin monita shi ne ya shirya yara kafin darasi ya fara, ya kunna akwati, in an gama ya ja su su maimaita abin da suka gani, su kwaikwayi wasan, su yi tambaya, su yi rubutu da lissafi. Ana ba shi takardar da ke bayyana masa abin da zai yi mataki-mataki. Masu shirin sun ga wata fa'ida a ƙarancin horon nasa: wanda bai taɓa koyarwa ba, bai saba da bulala da haddar dole ba, saboda haka zai fi saurin karɓar sabon salo.

A wannan wurin ne tarihin ya shafi horar da malamai kai tsaye. Monita yana kallon darasi huɗu kowace rana tare da ɗalibansa. Yana ganin yadda ake gabatar da sabuwar kalma, yadda ake yin tambaya a jira amsa, yadda ake koyar da ƙidaya da tsakuwa ko ƙwallon goriba. Akwatin da ke koyar da yara yana koyar da shi ma, a kan aiki, ba tare da an ɗauke shi daga ƙauye an kai shi makarantar kwana ba. Abin da masu taron bidiyo na yau suke alkawari ke nan, kuma an yi shi a azuzuwan laka da ke gefen Yamai fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Waɗanda suka zo daga waje suka duba, har da masu bincike da suka rubuta wa hukumar UNESCO rahoto, sun yaba. Yara ba sa gudun makaranta, ba a maimaita aji, kuma suna magana da Faransanci ba tare da tsoro ba, abin da ba a saba gani ba a azuzuwan da aka gada daga mulkin mallaka, inda yaro kan shekara bai buɗe baki ba sai in an nuna shi da sanda. Sunan Nijar ya shiga littattafan ilimi a ƙasashe da dama, ana jera ta da tsibirin Samowa na Amurka, wanda shi ma ya fara irin wannan gwaji a 1964.

Sai dai in mutum ya natsu ya duba dalilin nasarar, zai ga ba akwatin kaɗai ba ne. Aji 22 ne kawai, kuma duka suna inda mota za ta je ta dawo a yini. Tawagar da ke Yamai ta ƙunshi masana koyarwa da masu shirya fim da masu nazarin halayyar yara, kuma suna shiga azuzuwan suna zama suna kallo. In darasi bai shiga ba, labari yana komowa ɗakin shirye-shirye a gyara. In monita ya rikice, akwai wanda zai gan shi ya nuna masa. Telebijin hanya ɗaya yake bi, daga mai magana zuwa mai kallo, amma mutane sun gina masa hanyar dawowa da ƙafafunsu da motocinsu. A ganina wannan kulawa ta kusa ita ce ta mayar da mai sartifika malami. Da an ajiye masa akwati a ƙauye an juya baya, da abin da zai koya bai taka kara ya karya ba.

Irin wannan kulawa tana da tsada, kuma tsarin da aka bi ya ƙara mata tsada. Rukuni ɗaya na yara aka ɗauka ana binsu aji-aji: bana a shirya darussan aji ɗaya, baɗi na aji biyu, haka har su gama. Duk wannan ɗaki da injuna da ƙwararru, yara ɗari takwas suke yi wa aiki. Muddin Faransa ce ke biya ba a jin nauyin, amma kowa ya san ranar da za a ce Nijar ta ɗauka tana zuwa. Ga kuma wuta. Ƙauyukan ba su da kuran, sai batura, kuma wannan ne ya sa tun a ƙarshen shekarun 1960 aka fara gwada kunna akwatunan da faifan hasken rana. Masu rubuta tarihin wutar sola har yau suna ambaton Nijar saboda wannan, abin da yawancinmu da muke sayen faifan a kasuwa ba mu sani ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ni ya fi ci mini rai. Da Faransanci zalla ake koyarwa tun ranar farko. Duk hikimar da aka zuba a wasanni da zane, an zuba ta ne don a cusa wa ɗan Zabarma ko Bahaushe ko Bafillace harshen da ba a yi a gidansu. Abin mamaki, a 1964 ɗin da aka fara shirin ne Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa yau, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya dage cewa a koyar da yara da harsunansu. Shi ma Diori ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris. Duk da haka sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a Damagaram. Ina yawan tunanin me monita zai iya yi da a ce akwatin da harshensa yake magana, da shi da yaran duka.

Matsalar da ta fi yi wa shirin illa ita ce yadda ya zauna a gefen ma'aikatar ilimi kamar baƙo. Malaman da suka sha wahalar makarantar horo, da masu duba makarantu, suna kallon wani tsari da aka gina ba da su ba, wanda kuma saƙonsa a fili yake: yaro mai sartifika da akwati zai iya aikinku. Wa zai so abin da ya zo ya rage masa daraja? Sa'an nan jarrabawar ƙasa ba ta canza ba. Tana nan tana auna shifta da nahawu a rubuce, inda yaran telebijin ba su fi sauran ba, ba ta auna bakin da ya buɗe ba. Daga 1972 an faɗaɗa shirin zuwa azuzuwa ɗari da ɗoriya a hannun ƴan ƙasa, amma lokacin ya zo daidai da babban fari, sai kuma juyin mulkin Seyni Kunce a watan Afrilun 1974. Ƙasar da ke neman hatsin ciyar da jama'a ba ta da sararin shirya darasi huɗu a kowace rana. A 1979 kayan aikin da ma'aikatan suka koma gidan telebijin na ƙasa, Tele Sahel. Akwatin da aka kawo don aji ya koma na labarai da wasanni.

Kodebuwa ta ɗauki darasin Nijar ta yi shi da girma. Daga 1971, da cibiya a Buwake da tallafin ƙasashe da hukumomi da yawa, ta shimfiɗa telebijin a makarantun firamare har ya kai yara fiye da rabin miliyan. A can cikakkun malamai aka sa, kuma ana watsa musu nasu shirye-shiryen na horo. Amma abin da ya yiwu a aji 22 bai yiwu a dubban azuzuwa ba. Babu tawagar da za ta zagaya ta ga kowa. Malami ya koma mai jiran agogo, darasi ya zo ko yaransa sun gane na jiya ko ba su gane ba. Iyaye da ƙungiyoyin malamai suka yi ta kuka cewa karatu ya lalace, kuma a farkon shekarun 1980 gwamnatin Houphouët-Boigny ta rufe shirin.

Maƙwabtanmu na kudu sun bi wata hanya da ba ta da ƙyalƙyali. A 1976 Najeriya ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi hasashe, aka ɗebi mutane da yawa marasa horo aka ba su alli. A shekarar ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta horar da su daga nesa. Kayan aikinta littattafai ne da aka buga aka raba, da cibiyoyin karatu inda malamai ke haɗuwa da mai koyarwa a ƙarshen mako da lokacin hutu. Ba na cewa ba ta da aibi, ƴan Najeriya sun fi ni sanin ƙorafin da ake yi kan ingancin wasu da ta yaye. Amma tana nan har yau, Tele-Nijar da shirin Buwake kuwa sai a littafi. Cibiyar Kaduna ta zauna cikin tsarin ilimin ƙasar, takardar shaidarta tana ƙara wa malami matsayi da albashi, kuma malami yana da wanda zai yi wa tambaya ido da ido.

Akwai wani gwaji na zamani ɗaya da Tele-Nijar wanda ya yi amfani da hoton bidiyo ta fuskar da ta saɓa. A 1963, a jami'ar Stanford ta Amurka, Dwight Allen da abokan aikinsa suka ƙirƙiro abin da za a iya kira ƙaramar koyarwa. Ɗalibin malanta zai koyar da yara kaɗan na ƴan mintuna, a ɗauke shi a faifai, ya zauna da mai horar da shi su kalla, a nuna masa inda ya yi tambaya bai jira amsa ba ko inda ya juya wa rabin aji baya, sa'an nan ya sake koyar da darasin. A Yamai an juya allon ya fuskanci malami don ya kalli gwani. A Stanford an juya kyamara ta fuskance shi don ya kalli kansa. Wannan salo ya bazu a makarantun horar da malamai na duniya, har da na Afirka, ko da yake a wurare da yawa an riƙe sunan an bar kyamarar saboda tsada.

Tsakanin wancan zamani da namu an yi wasu yunƙurin. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta nesa, ana aiko lacca ta tauraron ɗan Adam daga jami'o'in Turai da Amurka, ɗalibai su mayar da tambaya ta tarho ko saƙon intanet. Ƙasashe masu amfani da Faransanci su ma sun kafa nasu shirin horar da malaman firamare daga nesa, IFADEM, wanda Nijar ta shiga, kuma abin lura shi ne ya dogara ne kan littattafai da masu bibiya da ke haɗuwa da malamai, na'ura tana biye.

Mu kuma a gida matsalar 1960 ta dawo da wata riga. Daga ƙarshen shekarun 1990, don a ƙara yawan yara a makaranta da kuɗi kaɗan, aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi, har suka fi cikakkun ma'aikata yawa a firamare. Da yawansu sun shiga aji da horo kaɗan ko babu. A 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawar tantancewa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki, aka yi ta cece-kuce tsakanin ma'aikata da ƙungiyoyin malamai. Ɗan kwantaragi jikan monita ne, da bambanci ɗaya: monita yana da darasi huɗu da yake kallo kullum da mutanen da ke zuwa duba shi, ɗan kwantaragi kuwa sau da yawa daga shi sai allo da yara saba'in.

A kan wannan ne Zoom da Google Meet da WhatsApp suka iso. A karon farko na'urar da kanta tana da hanyar dawowa. Malamar da ke wani ƙauye a jihar Dosso tana iya ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, tana iya jingina wayarta a taga ta ɗauki darasinta na minti goma ta aika wa mai duba makarantu, su kalla tare ko da yana nesa. Abin da Stanford ta yi da injuna masu nauyi, da abin da tawagar Tele-Nijar ta yi da mota, yanzu yana aljihun riga. Amma tarukan bidiyo da na halarta a matsayina na ɗan jarida, da waɗanda malamai ke ba ni labari in sun bugo waya a shirina, akasari ba haka suke tafiya ba. Abu na farko da mai gudanarwa ke cewa shi ne kowa ya kashe makirufo. Na biyu, a kashe kyamara saboda rezo ba shi da ƙarfi. Daga nan mutum ɗaya ya yi awa biyu yana karanta rubutun da ya haska a allo, da Faransancin ofis, a ƙarshe a ce saura minti biyar, ko akwai mai tambaya. Wata malama ta ce mini ita takan sa wayar a aljihu ta ci gaba da girki, don dai sunanta ya fito a jerin waɗanda suka halarta. Ban ga laifinta ba. Ko darussan 1966 sun fi wannan tausayin mai kallo, su minti goma sha huɗu ne kuma da wasa a ciki.

Uzurin rezo da kuran gaskiya ne. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, kuma kuɗin intanet na taron awa biyu daga aljihun malamin da albashinsa ke makara yake fita. Sai dai wannan uzurin hujja ce a kan dogon taro kai tsaye, ba a kan na'urar ba. Gajeren bidiyo da saƙon murya suna jira har rezo ya dawo, kuma saƙon murya ana yinsa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ba tare da kowa ya ji kunyar nahawunsa ba. Muna kuma da wurin da za a kalle su, domin tsarin iliminmu ya daɗe da tarukan da ake kira CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa su tattauna aikinsu, in an samu kuɗin shirya su. Malamai goma sha biyar a aji ɗaya, waya ɗaya, darasin ɗaya daga cikinsu da aka ɗauka ranar Talata, da mai ba da shawara da ke saurare daga babban gari yana amsa abin da suka tambaya: kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a otal ɗin da ake tara masu horarwa a Yamai ba.